Ƙwallon Dabino Goma a Kan Tabarma

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da yamma. Ku yi haƙuri da ƙarar kabu-kabu, yau ba daga ɗakina na Las Begas ta Amurka nake magana ba. Ga ni a Damagaram, unguwar Zango, a fadarmu ta da. An sha shayin farko, na biyu yana kan gawayi.

Kwanana shida da sauka, kuma duk wanda ya zo gaisuwa tambayarsa ɗaya: wai kai me kake yi a gidan caca? Na faɗa wa Inna, na faɗa wa kawu, yanzu bari in faɗa a gaban kyamara. Gyaran inji nake. Akwai na'urar da ke gauraya karta, in ta cije ni ake kira in buɗe cikinta. Kawu ya ce ko da haka ne in nemi wani aiki, ban kuwa yi masa musu ba. Amma shekara huɗu ina tsugune a gindin teburan nan, kunne ba ya da murfi, sai da na gane yadda ake zuba kuɗin.

Ƙanena, matso da wayar. Kun ga waɗannan? Ƙwallayen dabino ne, su ne kuɗinmu na yau. Ba wanda zai tashi da ko dala ɗaya ta wani.

Wasan da suke kira stud, tsohonsa tsakanin ƴan wasa ake yinsa, karta bakwai kowa, wasu a rufe wasu a buɗe, gida ya yanki la'adarsa. Ko a nan akwai abin mamaki: bayan rabon farko, wanda kartarsa ta buɗe ta fi ta kowa ƙanƙanta, shi ake tilasta wa fara zubi. Wato mai rauni ne ke buɗe kasuwa. Daga karta ta biyar kuma zubin ya ninka. Wannan ya ishe mu, don ba shi ne ya cika gidajen ba yanzu.

Wanda nake so ku gani shi ne Caribbean Stud, inda kai da gida kuke karawa. Mai shayi, bar butar nan minti biyu, zo ka zauna. Aje ƙwallo ɗaya, kuɗin zama ke nan. Ga kartarka biyar, ga tawa biyar, ɗaya kawai na buɗe maka. Duba hannunka. In bai yi maka ba ka aje, ƙwallonka ya tafi. In kuwa za ka ci gaba, ƙwallo biyu za ka ƙara, daidai ninki biyu. Ba ɗaya ba, ba uku ba. Ko kana da dukiyar Ƙaruna ba za a bar ka ka wuce haka ba.

Ku dubi fuskarsa. Ya ga sarki uku, don ni na shirya masa su tun ɗazu. Ya ƙara biyunsa har yana gyara zama. A takardar biya, uku iri ɗaya ana biyan ninki uku, ka ga ƙwallo shida ke nan, ga ɗaya na kuɗin zama, bakwai. To bari in buɗe nawa. Dam, wato sarauniya, sai tara, bakwai, huɗu, biyu. Ba komai. Mai shayi, ungo ƙwallo ɗaya, ɗauki biyunka ka mayar aljihu.

Kun ji shi? Wai ina sauran shida.

Babu su, ɗan'uwa. Dokar ta ce sai mai rabo yana da aƙalla as, wato karta mai harafin A, da sarki kafin hannunsa ya shiga gasa. In bai kai ba, kuɗin zama kaɗai ake biya, ƙarin a mayar maka. Kuma ba sau ɗaya ba ne a shekara: kusan hannu 44 cikin 100 haka suke ƙarewa. Gaskiya dokar tana ceton mutum wani lokaci, in ya ƙara da hannun banza gida ma bai kai ba, ya ci ɗaya. Amma ranar da ka riƙe abin kirki, ranar take cizo. Na taɓa ganin wani dattijo da hular kaboyi ya samu huɗu iri ɗaya, abin da ake biya ninki 20, mai rabo ya buɗe hannu wayam. Ina ƙarƙashin tebur da sukundireba na ji ya yi shiru, irin shirun gidan makoki. Da aka yi lissafin duka, ko mutum bai yi kuskure ko ɗaya ba, gida na cin kashi 5 da ɗoriya cikin 100 na kuɗin zama. A kuɗinmu, duk jikka ɗaya da ka aje, dala goma, wato sefa 50 cikin 1,000, ta tafi tun ba a raba ba.

Mississippi Stud kuma nasa salon daban, ba ka karawa da kowa sai takardar biya. Ƙwallo ɗaya, karta biyu. Akwai wasu uku a kife a tsakiya, kuma kafin a buɗe kowace sai ka zuba, daga ninki ɗaya zuwa uku, ko ka tashi ka bar abin da ka riga ka zuba. Ƙirga da ni: ɗaya, uku, uku, uku. Goma. Mutum ya zauna a teburin dalar Amurka 10 yana ganin arha, kafin ya farga 100 ce a gabansa. Sai ka haɗa bale biyu, wato karta mai harafin J guda biyu, ko sama kafin ka ci. Daga kartar shida guda biyu zuwa kartar goma guda biyu kuɗinka kawai za a mayar maka. Abin da ke riƙe mutane shi ne ninki 500 da aka rubuta can sama da manyan baƙaƙe. Hannun da ke cin wannan sau ɗaya yake zuwa cikin 649,740.

Na ƙarshe shi ya fi ba ni dariya, don ya shafi sana'ata. Let It Ride. Nan juya abin aka yi: tun farko kashi uku daidai za ka zuba, sannan a ba ka dama sau biyu ka janye ɗaya-ɗaya. Mutum yana janye kuɗinsa yana jin shi gwani ne, ya manta na ukun ba ya dawowa sai ya haɗa kartar goma guda biyu ko sama. Wanda ya ƙirƙiro shi, John Breeding, direban babbar mota ne da ya kafa kamfanin Shuffle Master. Ya ƙera injin gauraya karta, kasuwa ba ta buɗe ba, sai ya fito da wannan wasa a 1993 don gidajen su buƙaci injin. Ka ga ni ma abincina daga nan ya samo asali, kawu dai kada ya ji wannan wajen.

Ƙanena, juyo da wayar, shayi na tafasa har yana zuba a wuta. Mai shayi! Bai ma ji ba. Ku gan shi, ya tattara ƙwallayensa uku ya sake aje ɗaya a kan tabarma, wai in ƙara raba masa sau ɗaya tak.