Hanuka: Fitilar da Ake Kunnawa a Daren da Wata Ya Ɓuya

Masu kallo, ku dubi wannan hoton da kyau. Taga ce, an ɗora mata fitila mai rassa tara. A tsallaken titi, tutar 'yan Nazi, maƙiyan Yahudawa, ce rataye a jikin wani gini. Garin Kil ne na ƙasar Jamus, farkon shekarun 1930. Za mu dawo kansa, amma bari mu fara ɗaga kai sama.

Hanuka, bikin kunna fitilu na Yahudawa, yana farawa ranar 25 ga watan Kislev a kalandarsu, wato ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba, lokacin da dare ya fi tsawo a arewacin duniya. Watanninsu da jinjirin wata suke kamawa, don haka ranar 25 wata ya riga ya rame. Kafin kwana takwas na bikin su cika, sai ya ɓace gaba ɗaya, sannan sabo ya tsaya. Ga dogon dare, ga sanyi, ga babu farin wata.

A lissafin masu ilimin taurari na Yahudawa, kowane wata da burujinsa. Na Kislev shi ne Keshet, wato baka, wanda malaman hisabi suka sani da Ƙausu. Kuma ba ƙaramin wuri taurari suka samu a al'adarsu ba. A wurin ibadarsu na Bet Alfa da ke arewacin ƙasar Isra'ila, na ƙarni na 6, an zana buruji 12 a daɓen ƙasa. Ko gaisuwar murna da suke yi a biki, "mazal tov", asalin ma'anarta tauraro mai kyau.

To, tauraro ne ke yanke wa mutum rabonsa? Malamansu, waɗanda ake kira Rabbi, sun yi gardama a Talmud, babban littafin koyarwar malaman addininsu. Rabbi Hanina ya ce yana da tasiri. Rabbi Yohanan ya ce tauraro ba shi da iko a kan Bani Isra'ila. A nan aka kawo labarin 'yar Rabbi Akiba, wadda masu duba suka ce maciji zai kashe ta ranar aurenta. Daren bikin ta zare tsinken gashinta ta soke a bango. Da gari ya waye ta zaro shi, sai ga mataccen maciji ya biyo. Mahaifinta ya tambaye ta me ta aikata. Ta ce wani mabaraci ya zo ƙofa, kowa ya shagala da hidima, ita kuwa ta ɗauki abincinta ta ba shi. Wannan labarin yana taɓa ni, domin kwanon abinci guda ne ya tsaya gaban abin da aka duba mata.

Hanuka kanta daga baƙin lokaci ta fito. A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Antiyokus na huɗu ya hana addinin Yahudawa, ya ƙazantar da Haikalin Ƙudus, babban wurin ibadarsu. Bayan shekara uku, mayaƙan Yahuda Makabi suka ƙwato shi. Talmud ya ce tulun man zaitun mai tsarki ɗaya kacal suka tarar don kunna fitilar Haikalin, na kwana guda, amma ya ci kwana takwas.

Sai aka zo kan yadda za a riƙa tunawa. Almajiran wani babban malami, Shammai, suka ce a kunna fitilu takwas daren farko, a yi ta ragewa. Almajiran takwaransa Hillel suka ce a fara da ɗaya, a yi ta ƙarawa, domin abu mai tsarki hawa yake yi, ba ya sauka. Maganar almajiran Hillel aka bi har yau. Ku lura da abin da hakan ya haifar: a sama wata yana ƙanƙancewa, a gida kuwa wuta tana ƙaruwa kowane dare. Kuma ba a ɓoye ta a ƙuryar ɗaki, bakin ƙofa ko taga ake sa ta don mai wucewa ya gani.

Abin da Rahila Posner, matar limamin Yahudawan Kil, ta yi ke nan. Ta bar fitilarta a taga, ta ɗauki hoton, ta rubuta a bayansa cewa tuta na kiran mutuwa ga Yahuda, wato al'ummar Yahudawa, haske na amsawa Yahuda zai rayu har abada. Iyalin sun bar Jamus a 1933, da fitilar a cikin kayansu. Yanzu tana gidan tarihi na Yad Vashem a Ƙudus, kuma idan Kislev ya zagayo zuriyarta sukan karɓo ta su kunna a gida.