Ciwon kan da ke tashe ni ƙarfe biyun dare

Assalamu alaikum, jama'a. Ni tela ne, amma yau ba maganar ɗinki ce ta kawo ni ba.

Ƙarfe biyu saura na dare nake farkawa. Idona na dama ke tashe ni, kamar an sa ƙusa a wuta har ta yi ja, an soka ta bayan ƙwayar idon ana murzawa. Kafin minti goma ciwon ya kai maƙura. Hawaye na zuba daga ido ɗaya kawai, hancin wannan ɓangaren ya toshe, fatar idon ta sauko. Kwanciya ba ta yiwuwa. Sai in fita tsakar gida in yi ta safa da marwa, hannu dafe da ido, wani lokaci har in jingina goshi da bango ina dannawa. Maiɗakina tana tsaye a bakin ƙofa. Ta riga ta gane cewa a wannan lokacin ba a taɓa ni, ba a tambayata komai. Bayan kamar awa ɗaya sai ya sake ni, kamar an ɗauke wuta. Gobe war haka kuma ya dawo.

Wannan ciwo yana da suna. Likitoci na kiransa ciwon kai na kilasta, kalmar da ke nufin gungu, saboda a tare yake zuwa: kullum kullum na tsawon makonni ko wata biyu zuwa uku, sannan ya ɓace watanni, wani ma shekara ko fiye. Wani likitan Amurka mai suna Kunkle da abokan aikinsa ne suka raɗa masa wannan suna a 1952. Kusan mutum ɗaya cikin 1,000 ke da shi, ya fi kama maza, kuma yakan fara ne tsakanin shekara 20 zuwa 40. Kowane tashi yana ɗaukar minti 15 zuwa awa uku, yana iya zuwa sau ɗaya a kwana biyu, yana iya zuwa har sau takwas a yini. Akwai kuma 'yan kaɗan da nasu ba ya ba su hutun kirki, shekara ta zagayo suna ciki. Allah ya kawo musu sauƙi.

Da yawa suna rikita shi da ciwon ɓarin kai da aka sani. Ga hanya mai sauƙi ta bambancewa. Mai ciwon ɓarin kai ɗaki mai duhu yake nema ya kwanta shiru, don motsi ƙara masa ciwo yake yi, kuma abin yakan ɗauke shi yini guda ko fiye. Mu kuwa zama ma gagararmu yake yi, ciwon ya fi gajarta, ya kuma fi tsanani nesa ba kusa ba.

Me ya sa yake zuwa a kan lokaci kamar mai agogo? A 1998 masu bincike a Landan, cikinsu har da Arne May da Peter Goadsby, sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu ciwon a daidai lokacin da ya tashi. Sun ga wani ɗan wuri a can ƙasan ƙwaƙwalwa, haifotalamus, yana aiki fiye da ƙa'ida. Wannan wurin shi ne agogon jiki, shi ke tsara barci da farkawa. Zafin kansa kuma ta babbar jijiyar da ke kai saƙon ji daga fuska yake bi, shi ya sa ido da hanci da haƙoran sama na ɓangare ɗaya duk suke shiga ciki.

Maganar haƙora ta tuna mini. An cire mini turmi ɗaya lafiyayye kafin a gano abin da ke damuna. An ce mura ce ta zauna a ƙashin fuska. An ce hawan jini ne. A gida kuwa, da aka ga ƙato yana kuka cikin dare, da safe kuma garau, sai aka fara zancen iska da jifa. Ban ga laifin kowa ba, ƙauna ce ta sa suke nema mini mafita, kuma addu'a har gobe ina yi. Amma shekara shida na yi ina yawo kafin wata likitar jijiyoyi ta saurare ni ta faɗa mini sunan ciwon. A gabanta na fashe da kuka, don ranar ce na tabbata ba hauka nake yi ba.

Yanzu magani, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Farasitamol ba ya taɓa wannan ciwo. Kafin ƙwaya ta narke a ciki, ciwon ya riga ya yi ɓarnarsa. Tramadol da danginsa ma ba sa maganinsa, sai dai su ƙara wa mutum wata masifar. Abu biyu aka tabbatar suna katse shi da sauri. Na farko iskar oksijin zalla, lita 12 zuwa 15 a minti ɗaya, ta takunkumin fuska mai 'yar jaka a ƙasa, mutum yana zaune ya ɗan sunkuya, na kamar minti 15 zuwa 20. A wani gwaji da aka buga a 2009, kashi 78 cikin 100 na tashin ciwon sun lafa cikin minti 15 da oksijin, alhali da iska ta yau da kullum kashi 20 ne kawai. Siririn bututun da ake maƙalawa a hanci ba ya wadatarwa. Kuma kada a kusantar da taba ko wuta inda tukunyar iskar take. Na biyu allurar sumatriptan ta ƙarƙashin fata, amma ba a ba mai ciwon zuciya ko wanda hawan jininsa bai daidaita ba. Don rage yawan zuwansa kuma, likitoci sun fi ba da verapamil, tare da gwajin bugun zuciya a kai a kai. Duk wannan aikin likita ne, ba abin da za ka tsaya a kemis ka saya da ka ba ne.

Na san samun tukunyar oksijin a gida ba ƙaramin abu ba ne a wajenmu, ga tsada, ga wahalar cikawa. Duk da haka ka tambayi likitanka kai tsaye.

Sai batun neman abinci. Wahalar wannan ciwo ita ce ba ya barin tabo. Mai kaya ya zo ƙarfe goma na safe ya same ka a kan keke kana dariya, ta yaya zai yarda cewa ciwo ne ya hana ka gama masa shaddarsa? Wata shekara gungun ya faɗo mini ana saura mako uku sallah, kaya jibge a shago. Na ɓata yadin wani bawan Allah saboda na yanka shi bayan dare uku ban runtsa ba. Na biya, kuma daga nan na sauya tsari. Idan na ji alamarsa, sai in rage karɓar aiki. Yanka, wanda shi ke buƙatar natsuwa, ina yin sa a awannin da na san ciwon bai cika zuwa ba. Na matsar da janareta nesa da ƙofa, domin warin fetur na tayar mini da shi, haka ma turare mai ƙarfi da barcin rana. Babban yaron shagona na zaunar da shi na yi masa bayani. Yanzu da ya ga na dafe ido na nufi bayan shago, sai ya ce wa mutane, "Maigida yana zuwa, ku ɗan ba shi awa ɗaya." In kai direba ne ko mai aiki da inji, ka tsaya da zarar ya fara. In ma'aikacin ofis ne, ka karɓi takardar likita ka kai wa shugabanka tun kafin gungun ya zo.

Waɗannan dabarun ba ni kaɗai na ƙirƙiro su ba. A layin ganin likita na haɗu da wani dattijo, malamin makaranta, na gan shi yana murza gefen idonsa yana jijjiga ƙafa. Na ce, "Baba, na dama ne ko na hagu?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ma?" Ranar mun fi awa biyu muna magana a gindin wata bishiyar darbejiya. Shi ya koya mini rubuta lokacin kowane tashi a littafi. Shi nake kira idan dare ya yi tsawo, kuma ba ya ce mini in yi haƙuri ciwon kai ne kawai. Yanzu mu biyar ne, kowa da lambar kowa.

A wasu ƙasashe abin ya yi nisa. Birtaniya na da ƙungiyar OUCH ta masu wannan ciwo, Amurka na da Clusterbusters, kuma ranar 21 ga Maris ake wayar da kai a kansa kowace shekara. Sai dai duk shawarar magani da ɗan'uwa mai ciwo ya ba ka, ka kai ta gaban likita tukuna.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Zafin nan yakan kai mutum ga tunanin raba kansa da duniya, har Turawa suna yi masa laƙabi da haka. In ka taɓa jin wannan, ka faɗa wa wani yau, matarka ko ɗan'uwanka ko likitanka. Kuma ciwon kai da ya faɗo farat ɗaya irin wanda ba ka taɓa ji ba, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko shanyewar hannu ko karkacewar baki, wannan asibiti ake kai shi nan take.

In abin da na kwatanta ya yi kama da naka, ko na wani a gidanku, ku samo ƙaramin littafi daga daren yau. Ku rubuta ƙarfe nawa ya fara, minti nawa ya ɗauka, wane ido ne, ya yi hawaye ko bai yi ba. Bayan mako ɗaya ku ɗauki littafin ku nemi likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa mafi kusa da ku.