Ƙafar da jini ya daina isa gare ta

Jama'a, assalamu alaikum. Wataƙila a gidanku akwai dattijon da barci ke gagararsa. Da ya miƙe a gado sai yatsun ƙafarsa su ɗauki zogi kamar an tura su cikin garwashi. Sai ya tashi zaune, ya sako ƙafar ƙasa daga bakin gado, zafin ya lafa. Iyali su ce sanyi ne, a kawo man zafi. Alhali jini ne ba ya isa ƙafar, shi ya sa idan ya sauke ta ƙasa ɗan abin da ya rage yake gangarawa.

Wanda ya san noman rani ya san cewa idan laka ta cushe hanyar ruwa, gonar da ke can ƙarshe ita ke fara bushewa. Haka jijiyoyin jini suke. Kitse yana taruwa a jikin bangonsu shekara da shekaru, hanya tana tsukewa, kuma yatsun ƙafa su ne a ƙarshen layi. Ciwon suga, shan taba, hawan jini, yawan kitse a jini da ciwon ƙoda su ne ke hanzarta wannan toshewa. Mutum sama da miliyan 200 ne ke ɗauke da ita a duniya.

Tana yin sallama kafin ta shigo. Mutum zai nufi masallaci, sha-raɓarsa ta ɗaure, ya tsaya kaɗan ta saki, ya ci gaba ta sake kamawa. Daga baya ƙafar ta yi sanyi, fata ta yi sheƙi, gashin ƙwauri ya zube. Sai ɗan rauni ya fito, ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba. Mai ciwon suga kuwa sau da yawa ko wannan sallamar ba ya ji, domin sugan ya kashe masa jin zafi. Zai taka ƙusa, ko ya gasa ƙafa a kaskon wuta da hunturu har ta sale, bai sani ba sai ya ga jini a silifas.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. A ce jifa ne, ko an ɗauki sawunsa. A kai wa wanzami ya yi tsaga, a barbaɗa gari, a naɗe da tsumma. Kowa na gudun asibiti don kada a yanke ƙafa, har yatsa ya yi baƙi, wari ya cika ɗaki. Ranar da za a je, likita ba shi da sauran zaɓi sai wuƙa.

Da an je da wuri, gwajin farko mai sauƙi ne. Likita zai taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu, sannan ya auna ƙarfin jini a idon sawu ya kwatanta da na hannu. Idan na idon sawu bai wuce kashi 90 cikin 100 na na hannu ba, akwai toshewa. Na'urar Dofla, mai bin diddigin gudun jini ta hanyar sauti, da hoton jijiyoyi su nuna inda ta tsaya.

Kuma ana buɗe ta. A 1964, a birnin Portland na Amurka, wata tsohuwa mai shekara 82 ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Likita Charles Dotter ya zura siririn bututu cikin jijiyar ya faɗaɗa wurin da ya tsuke, ta tsira da ƙafarta. Yau ana hura ɗan balan-balan a ciki, wani lokaci a bar ƙaramar raga ta ƙarfe ta tokare hanyar. Idan toshewar ta yi tsawo, a ciro wata jijiya daga ƙafar mutum a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye. Sai magungunan hana jini gudaji da na rage kitse, da barin taba kwata-kwata.

Mai ciwon suga, sau biyar kake wanke ƙafa a alwala. Duba ta lokacin, tafinta da tsakanin yatsu, ka tsane su sosai. Ka shafa mai a faso, ka zazzage takalmi kafin ka sa, kada ka bari a yanke maka kaushi da reza. Idan an ce za a yanke, ka tambaya ko an duba jijiyoyin jinin tukuna, ko akwai asibitin koyarwa da za a tura ka. Idan kuwa ƙafa ta yi sanyi farat ɗaya, ta koɗe, ta mutu da zafi mai tsanani, a tafi asibiti a wannan daren, domin cikin kamar awa 6 naman yake fara mutuwa.