Sharhi: Na'urar cilla jiragen yaƙi da wahalar gyara a tsakiyar teku

Jama'a masu sauraro, jirgin saman yaƙi da zai tashi daga kan jirgin ruwa ba shi da dogon titin da zai ɗauki gudu. Filin da yake da shi bai fi mita 90 ba. Shi ya sa ake maƙala ƙafarsa ta gaba a wata na'ura da ke ƙarƙashin daɓen jirgin, ta fizge shi ta cilla sama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, da gudun da ya haura kilomita 240 a sa'a. Idan ƙarfinta ya gaza, jirgi da matuƙi sai cikin teku, Allah ya kiyaye.

Tun shekarun 1950 da Ingila ta fara gwada na'urar mai amfani da tururi, tururin ne ke wannan aiki. Na'urar tururi akwai shan ruwa da cin mai, ga wahalar da makanikai, amma sun san halinta ciki da bai.

Da Amurka ta ƙaddamar da jirgin ruwanta mai ɗaukar jiragen yaƙi, Gerald Ford, a 2017, sai ta koma wa wutar lantarki da maganaɗisu, ƙirar kamfanin General Atomics. An tsara na'urar ta yi cilli 4,166 kafin ta sami babbar matsala. Masu gwajin makamai na Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, suka gano cewa tsakanin 2019 da 2020, kusan duk bayan cilli 181 sai ta tsaya. A watan Yunin 2020 ma kwana biyar jirgin ya yi bai iya tayar da jirgi ko ɗaya ba.

Lalacewa dai ba abin mamaki ba ne ga sabon inji, kuma alƙaluman sun ɗan gyaru daga baya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na'urorin cilli huɗu da ke kan jirgin rumbun wutarsu a haɗe yake. Makaniki ba ya iya raba ɗaya da wuta cikin sauƙi ya gyara ta alhali sauran suna aiki, yadda ake yi da ta tururi. A ranar yaƙi fa, wa zai jira?

Shugaba Trump ya sha cewa a koma wa tururi. Ban ga alamar hakan zai yi sauƙi ba, tunda Sin ma ta sa irin ta lantarkin a jirginta Fujian da ya fara aiki a Nuwamban 2025. Gara a saurari makanikan Ford, a warware matsalar raba wutar, domin jirgin John Kennedy da ke biye masa irin wannan na'urar aka sa masa.