Yaron da ya tafi bida shi kaɗai

Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana. Na baya kuna jina? To, madalla.

Ba a koya wa mutumin Maradi tafiya. Kakanninmu fatake ne, iyayenmu sun ci rani a Kano da Legas. Amma su da gemunsu suka fita, kuma damina na faɗuwa suna gona. Yanzu ɗan shekara 14 ne ke hawa mota a tasha, ba uba ba wa, sai Agadas, sai Arlit, sai Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya. Kun tuna Oktoban 2013, da ƙishirwa ta kashe mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya? Fiye da rabinsu yara ne.

Yau dai kan wanda ya isa lafiya zan tsaya. Wata biyu, uku, ya turo jika goma ta Nita, kamfanin aika kuɗi. Gida ya yi murna, aka sa masa albarka. Daga ranar nan kiran waya ya sake. Da can uwa kan ce, "Ka ci abinci?" Yanzu da an gaisa sai a ce masa hatsi ya ƙare, ƙanwarsa za ta yi aure, ga kuɗin magani. Shi kuma yana kwana a kangon gini, ubangidansa ya riƙe masa kuɗin wata biyu, amma ba zai faɗa ba. Kunya ce. Sai ya ce komai lafiya lau, ya kashe waya. A hankali ya rage kira, gida kuma a ce yaro ya samu duniya ya manta da mu.

Alhaji, na ga kana girgiza kai, ai ba ƙarya na yi ba.

Dawowar ma wani aiki ne. Wanda ya shekara uku yana ciyar da gida, ta yaya uba zai ce masa kada ya wuce isha'i a waje? Uba na ganin raini, yaro na ganin ya riga ya zama magidanci. Wannan ma mai sauƙi ne a kan wanda aka koro daga Aljeriya aka sauke a bakin iyaka, ya tako kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka, garin Nijar na bakin iyaka, hannu wofi. Irinsu da yawa ba sa ƙarasowa ƙauye. Suna tsayawa nan cikin gari, suna dako a kasuwa, don kada a gan su a tambaye su tsaraba.

Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu. A miƙa mata abin magana.