Lacca: Ƙera maganaɗisu shimfiɗa bisa shimfiɗa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, barkanku da yamma. Yau za mu yi magana ne a kan ƙera maganaɗisu da na'urar 3D, wato na'urar da ke gina abu shimfiɗa bisa shimfiɗa daga zanen kwamfuta.

Duk wanda ke da waya a aljihu yana yawo da maganaɗisu, ɗaya a lasifikarta, ɗaya a ɗan injin da ke sa ta girgiza. Mafi ƙarfi a kasuwa shi ne wanda ake haɗawa da wani nau'in ƙarfe da ake kira niyodimiyam, da baƙin ƙarfe, da sinadarin boron. A farkon shekarun 1980 mutum biyu suka gano shi, kowa da hanyarsa: Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan, da John Croat na General Motors a Amurka.

A hanyar Sagawa, ana niƙa haɗin ya zama gari mai laushi, a sa shi cikin filin maganaɗisu, wato inda jan wani maganaɗisu ke aiki, don ƙwayoyinsa su fuskanci wuri ɗaya, a danne, a gasa da zafin da ya haura digiri 1000. Abin da ke fitowa dunƙule ne mai tauri amma mai saurin ɓarewa, sai an yanka an goge kafin ya shiga inji. A wannan yanka da gugan ne ake asara, wani lokaci kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na kayan. Hanyar Croat kuwa ita ta haifar da wanda ake cuɗa garinsa da roba a zuba a mazubi.

To, ina na'urar 3D ta shigo? Masassaƙin turmi yana ɗaukar gungume ya yi ta ragewa, sassaƙe na zuba ƙasa. Maginiyar tukunya kuwa ƙara yumɓu take yi zagaye bayan zagaye, iyakar abin da tukunyar ke bukata. Na'urar 3D irin aikin maginiya take yi.

A 2016, a cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tennessee, ayarin Parans Paranthaman ya zuba wa wata babbar na'ura 'yan dunƙulen haɗi, kashi 65 na cikarsu garin maganaɗisu, kashi 35 nailan. Na'urar ta narkar da nailan ɗin, tana fitar da haɗin ta wani ɗan baki kamar igiya, tana shimfiɗawa layi bisa layi. A shekarar ne kuma Christian Huber da Dieter Süss na jami'ar fasaha ta Vienna suka yi makamancin haka da ƙaramar na'ura mai araha. Ku lura, abin da ke fitowa daga na'urar ko allura ba ya ɗauka. Sai an buga masa filin maganaɗisu mai tsananin ƙarfi sannan ya soma ja.

Ɗalibai, ga inda nake so ku buɗe kunne, don labaran intanet kan tsallake shi. Wanda aka buga a Oak Ridge ƙarfinsa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na gasasshe mafi kyau ba. Dalili biyu ne. Nailan ba ya ja, ga shi ya cinye sulusin wuri. Sannan ƙwayoyin garin kowace ta kama gabanta, wata gabas wata kudu, jansu bai haɗu wuri ɗaya ba. Da ɗan'uwansa na mazubi ya kamata a gwada shi, kuma a nan ya yi kunnen doki da shi, har ya ɗan ɗara ta wasu fuskoki.

Sai wasu suka ce a cire robar gaba ɗaya, a narkar da garin da hasken lesa. Masu binciken kamfanin ABB a Suwizalan sun nuna haka a 2017. Amma niyodimiyam ba ya shiri da iskar da muke shaƙa, nan da nan yake tsatsa, dole a yi aikin cikin rufaffen akwati da aka kore masa ita. Saurin zafi da saurin sanyi kuma suna jawo tsagewa, suna taɓa tsarin ƙwayoyin da ke hana maganaɗisu sakin ƙarfinsa.

A ganina, duk wanda ya ce muku wannan fasaha za ta maye gurbin gasasshen maganaɗisun motar lantarki gobe, ya yi gaggawa. Amfaninta na yanzu yana wajen siffa. Injiniyan da ke son zobe mai lanƙwasa don na'urar auna juyin inji, ko samfuri guda biyar kawai na gwaji, ba sai ya kashe kuɗi ya jira makonni a ƙera masa mazubi ba. Yau ya zana a kwamfuta, gobe ya riƙe a hannu. Abin da ya rage na haɗin kuma a mayar cikin na'ura.

Wannan tattali ba ƙaramin abu ba ne, domin kusan kashi 90 cikin ɗari na irin wannan maganaɗisu a Sin ake ƙera shi, kuma a watan Afrilun 2025 ta wajabta neman lasisi kafin a fitar da wasu nau'o'insa. Mu ma, a yashin da haƙar kuza ta bari a Jos akwai ma'adinin monazayit mai ɗauke da niyodimiyam, sai dai tace shi ne jan aikin.

Abin da masu bincike suka sa a gaba yanzu shi ne ɗaura filin maganaɗisu a bakin na'urar, ƙwayoyin su juya su fuskanci wuri ɗaya tun robar tana narke, kafin ta daskare ta kulle su.