Kukan Ƙofar Makaranta: Yadda Yaro Ke Sabawa Da Ajin Nazare

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya bi ta ƙofar makarantar nazare a garin Gombe da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a makon farko na zangon Satumba, ya san wannan ƙarar. Daga Pantami har Jekadafari, daga Bolari zuwa Tumfure, abin ɗaya ne. Yaro ɗan shekara uku cikin sabon yunifom da aka ɗinka da girma don ya kai baɗi, jaka na dukan ƙwaurinsa, ya cukuikuye hijabin uwarsa da hannu biyu yana tsala ihu. Anti, wato malamar aji, na ja, uwa na ɓamɓare 'yan yatsu ɗaya bayan ɗaya, mai Keke Napep na ta danna hon a waje. A kan wannan kukan za mu tattauna yau: daga ina yake fitowa, me ke ƙara shi, me kuma ke kwantar da shi.

Da farko dai, ba sangarta ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Ƙiwa halitta ce. Tana somawa ne tun jariri na wajen wata 6 zuwa 8, lokacin da ya fara bambance nasa da baƙo. Takan yi tsanani tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, sannan ta riƙa lafawa. Amma ba ta tafiya gaba ɗaya, da an kai yaro baƙon wuri sai ta dawo.

A shekarar 1954 wata masaniyar halayyar yara mai suna Mary Ainsworth ta je ƙasar Yuganda, ta riƙa shiga gidaje a ƙauyukan da ke kusa da Kampala tana kallon mata da 'ya'yansu. Ta lura cewa yaron da ya tabbata uwarsa na nan shi ne ke rarrafawa ya yi nisa, ya taɓa wannan ya leƙa wancan, can ya waiwayo ya ganta, ya ci gaba da harkarsa. Ta tashi ta fita kuwa, wasa ya ƙare. Kenan ƙarfin halin da yaro ke shiga duniya da shi, daga amincewarsa da wanda ke riƙe da shi yake samo shi. A gidajen Afirka aka fara ganin wannan da kyau, kafin ya shiga littattafan jami'o'i.

Na san wata za ta ce, to ai nawa ba shi da ƙiwa, wuni yake a gidan maƙwabta, ko neman nono bai yi kuka haka ba. Gaskiya ne, yaranmu cikin mutane suke tashi: ga Goggo, ga Adda, ga Hamma, ga Kaka, kowa na ɗauka. Sai dai ki duba, a gidan maƙwabta shi ya kai kansa, ya san hanya, kuma zaure a buɗe yake, duk sa'ad da ya ga dama zai rugo ya faɗo jikinki. A makaranta kuwa kawo shi aka yi, aka ja get aka rufe, maigadi ya zauna a bakin ƙofa. Bai san Anti ba. Bai san inda banɗaki yake ba. Ga shi a Gombe yaro kan taso da Fulatanci, ko Tangale, ko Tera, ko Waja, ko Bolanci, ko Hausa, sai ya tarar ana yi masa magana da Turancin da ko kalma ɗaya bai taɓa ji ba. Kuma abin da ya fi duka tayar masa da hankali: bai san ko za ki dawo ba. Ɗan shekara uku bai san awa huɗu ba, bai san ƙarfe goma sha biyu ba. Abin da ya gani kawai shi ne kin juya baya.

A nan ne mu manya muke ɓata lamarin, kuma da kyakkyawar niyya. Sai a ce, Anti ɗauke masa hankali in sulale. Ko a ce, zauna nan in je in sayo maka alewa, yanzu zan dawo. Yaro ya yarda, ya zauna yana kallon ƙofa. Alewa ba ta zo ba, Umma ba ta zo ba. Ranar an rabu ba kuka, uwa ta tafi tana murna dabara ta yi. Gobe fa? Gobe ko takalmi kika sunkuya za ki gyara sai ya riƙe ki, domin ya koyi cewa ɗauke ido daga kanki hatsari ne, maganarki kuma ba abin riƙewa ba ce. Har a gida za ki ga ya koma binki kicin, binki banɗaki. Kukan minti biyar aka guda, aka sayo na mako uku.

Addini ma bai bar wannan ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi bin Amir ta kira shi yana ƙarami, ta ce zo in ba ka wani abu, alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Alewar bakin get ma a nan take.

To me za a yi? A yi sallama ta gaskiya. Ki durƙusa daidai tsayinsa, ki dube shi, ki ce: ɗan albarka, zan tafi gida, kai za ka zauna da Anti. Za ku yi waƙa, ku ci abinci, kafin a kira azahar ina nan na zo. Yaro bai san agogo ba amma ya san kiran salla, ya san bayan cin abinci. Ki yi masa addu'a, ki miƙa hannunsa a hannun malamar, ki tafi. Kada ki daɗe, kada ki je ki dawo, kada ki laɓe a taga yana hango gefen mayafinki. Zai yi kuka, eh. Amma kukan wanda aka yi wa sallama daban ne da na wanda aka gudu aka bari, kuma yawancin yara kan yi shiru ba da jimawa ba bayan an tafi. Idan zuciyarki ta kasa, karɓi lambar malamar ki kira bayan rabin awa.

Sauran rabin alkawarin kuma na lokacin tashi ne, kuma nan ina magana da iyaye maza musamman, tunda sau da yawa su ke ɗauko yara, ko su ke biyan ɗan acaɓa ko mai Napep ɗin da ke ɗaukowa. Alhaji, a makonni biyun farko ka bar shago, ka nemi uzuri a ofis, ka zo kan lokaci, in da hali ka riga ƙararrawa. Ban san abin da ke karya zuciyar ƙaramin yaro kamar ya ga ana ta kwashe 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, ya rage shi kaɗai a kan benci da gorar ruwansa, maigadi na jan ƙofa ba. Idan wani ne zai ɗauko shi, a gaya masa tun da safe, da sunan mutumin, a kuma gaya wa makaranta.

A Jamus akwai wani tsari da ake kira tsarin Berlin, wanda makarantun renon yara da dama ke bi. Kwana ukun farko uwa ko uba na zama a cikin aji tare da yaron na ɗan lokaci, a gefe, ba sa shiga wasan. A rana ta huɗu ake gwada rabuwa ta 'yan mintoci, daga nan a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda yaron ya ɗauka. Ba kowace makaranta a nan za ta iya haka ba. Amma kai yaro ya ga ajinsa kafin ranar buɗewa, ya gaisa da malamarsa, a nuna masa banɗaki da wurin buta, wannan ba ya cin ko sisi. Barin sababbi su tashi da wuri a makon farko ma haka.

Sannan a daina tsorata yara da makaranta. Bari Litinin ta zo in kai ka Ankul ya zane ka. Wata uku ana faɗa masa haka, ranar Litinin kuma a yi mamaki ya ƙi shiga.

Wani kukan kuma na jiki ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana, har da na rana. Yaron da za a tasa ƙarfe shida, ya kamata ya kwanta bayan isha'i kaɗan, ba ya kai sha ɗaya yana kallon waya ba. A ba shi kunu ko koko da ƙosai kafin ya fita. A zuba masa a kula abincin da ya sani, kular da zai iya buɗewa da kansa. A sa wandon canji a jaka, a kuma gaya wa malama kalmar da yake faɗa in fitsari ya matse shi, don da yawa kunya ke sa su riƙe har ya zubo. Satumba kuma tsakiyar zazzaɓin cizon sauro ne, saboda haka kada shiga makaranta ya sa a tsallake maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. A duba katin rigakafi, musamman allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Mura kam zai kwaso, ƙananan yara kan yi ta sau 6 zuwa 8 a shekara, ta fi yawa a shekarar farko ta cuɗanya. Mai sikila ko asma, a sanar da makaranta tun ranar farko, kada a ɓoye.

In ya dawo gida kuma, kada ki yi mamaki idan Anti ta ce lafiya lau ya wuni, amma yana shigowa ya faɗi yana birgima saboda an ba shi ruwa a kofin da ba nasa ba. Wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wani ya koma tsotsar yatsa, wata ta ce sai an goya ta. Masu noman rani a Dadin Kowa sun san dashen tumatir: kwanakin farko sai ya langaɓe kamar ba zai yi ba, alhali saiwa ce ke neman kama ƙasa. Haka yaron ma, ya danne abin a cikinsa tun safe, sai a wurinki ya samu inda zai sauke. Ruwa, abinci, barci, shi ke nan. Islamiyyar yamma ma in sabon shiga ne, a ɗan jinkirta ta, kada a haɗa masa baƙin wurare biyu a mako guda.

Malamai, ku ma ga taku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta ƙara shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, shi ya sa ake ganin waɗannan azuzuwa a firamaren gwamnati ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Manufar ta ce malami ɗaya ga yara 25, kuma ta hanyar wasa za a koyar. Na san azuzuwa da yawa sun zarce haka nesa, kuma aikinku ba ƙarami ba ne. Duk da haka, makon farko ba na rubuta ɗaya zuwa ɗari ba ne. Na sanin sunan kowane yaro ne, sunan da ake kiransa a gida, da lallashinsa da harshen da yake ji. Bulala kuwa ba ta da gurbi a ajin 'yan shekara uku. Mu iyaye ma mu daina auna makaranta da yawan aikin gida.

Yawancin yara kan saba cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma kukan kan ɗan dawo ranar Litinin ko bayan hutu. Amma idan wata guda ya wuce abin sai ƙaruwa yake, yaro ya daina cin abinci, yana firgita cikin barci, kullum da safe ciwon ciki, ko jikinsa na rawa in an ambaci wani mutum guda, ko kin ga tabo a jikinsa, to kada a ce zai saba. Ki je makarantar ba tare da sanarwa ba, ki ga ajin da idonki, ki zauna da shugabar makaranta. Idan ciwon cikin ko rashin cin abincin ya ci gaba, a kai shi asibiti a duba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Allah ya raya mana su, ya yi musu albarka.